Oba-oba A Kasuwa: Wadda Za A Saya Da Wadda Za A Bari A Kanti

Ya ku 'yan'uwa fatake da dillalai na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Ƙafur da Ɗanja. A wannan fitowa za mu ɗan jingine lissafin buhu da tiya, mu yi magana a kan wani kaya da ake gani a hannun yaran sito da direbobi da masu gadin gona, watau rediyon nan na hannu da ake kira oba-oba. Masu sayar da ita suna tallarta da abu biyu: wai tana cin dogon zango, kuma wai ba ta son lasin. To, duka biyun akwai gaskiya a ciki, akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye, kuma wanda ba a faɗa ɗin shi ne kan jawo asara, wani lokaci ma har da kwanan ofishin 'yan sanda.

Kowa a wannan yanki yana tune da kakar 2021. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarayin daji, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, bayan an riga an katse na Zamfara. Ba a fara maido da su ba sai cikin Disamba. Watau dai daidai lokacin da masara ke shigowa kasuwa, ana shirin yankan dawa da tsinkar auduga, waya ta zama ƙarfe a aljihu. Dillali yana rumfa, maigidansa yana sito, mota tana tasha, babu mai jin wani sai an tura yaro a guje ko a kan babur. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin abin da ke magana ba da kamfanin waya ba.

Bambancinta da wayar salula ke nan. Salula, tun da ta shigo ƙasar nan a 2001, ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Ko kuna zaune a tabarma ɗaya, maganarka sai ta hau dogon ƙarfen sabis ta bi ta injinan kamfani, sa'an nan ta sauko wa abokinka. In ƙarfen ya mutu, shi ke nan. Ita kuwa oba-oba daga hannu zuwa hannu take, ba kati, ba kuɗin kira, ba lamba. Ka danna maɓalli ka yi magana, duk wanda ke kan tasharku ya ji a lokaci guda, ko su goma ne. Sai dai mutum ɗaya ke magana a lokaci, in ya gama ya saki maɓalli ya ba ɗan'uwansa fili. Kalmar da Turawa ke faɗa in sun gama magana ita ce kunnen mutanenmu ya kama, ya raɗa mata suna oba-oba. Asalinta kayan soja ce, a Yaƙin Duniya na Biyu ta yi suna, kamfanin da yanzu ake kira Motorola yana cikin waɗanda suka ƙera wa sojan Amurka.

Tun kafin mu yi nisa, a kula da wata iri da ta shigo kanti. Siffarta ta oba-oba ce sak, da eriya da maɓalli, mai kanti ya ce maka da ita za ka yi magana daga Funtuwa har Ikko. Gaskiya ya faɗa, amma buɗe bayanta za ka ga gurbin sim. Wannan waya ce aka sa wa rigar oba-oba, ta intanet take tafiya, tana cin data, kuma ranar da sabis ya ɗauke tare za su ɗauke. Ga mai motoci da ke son jin direbobinsa a hanyar kudu tana da amfani. Ga wanda ke neman abin da zai tsaya masa ranar da babu layi, bai sayi kome ba.

Mu koma kan nisa, domin a nan aka fi cutar mutane. Za ka ga an rubuta kilomita 10 a kwali, wani ma har 30 ko 50. Wannan lissafin wanda ya hau kan dutse ne yana hangen abokinsa a kan wani dutsen, babu bishiya babu gini a tsakani. Maganar oba-oba kusan kamar hasken tocila take tafiya, a miƙe, abin da ya tare ta ya rage mata ƙarfi. Ita kanta ƙasa a lanƙwashe take. Mutum a tsaye a fili fetal, nisan da ƙasa ke yanke masa gani bai wuce kilomita 5 ba. Saboda haka mutum biyu a tsaye, kowa da tasa a hannu, iyakar abin da za su samu ko da babu ko ciyawa a tsakaninsu bai wuce kamar kilomita 10 ba, kuma a zahiri ba a samun haka. A cikin gari ko cikin kasuwa mai rumfunan kwano, da tireloli a jere, da buhuna jibge har rufi, ƙaramar oba-oba in ta ba ka kilomita ɗaya ta yi ƙoƙari, sau da yawa rabin haka ne. A gona ko a fadama, da rani bayan an kwashe amfani, tana iya kai biyu ko uku. Da damina kuwa, masara da dawa sun fi mutum tsawo, ganye jiƙe da ruwa, sai ka ga nisan ya ragu ƙwarai, don ɗanyen ganye yana shanye maganar.

To ku auna da ƙasarmu. Tsakanin Funtuwa da Bakori kilomita goma ne da 'yan kai. Funtuwa zuwa Ɗandume ya haura 20. Funtuwa zuwa Malumfashi, ko tsuntsu ne ya miƙe, ya haura 40. Kafin magana ta haɗa Funtuwa da Malumfashi kai tsaye, sai kowane ɓangare ya ɗaga eriyarsa sama kamar ƙafa 100, ko kuwa a kafa injin da ke karɓar magana yana sake cilla ta a kan wani tudu a tsakani, shi kuwa wannan aikin kamfani ne da lasin da injiniya. Duk wanda ya ce maka da abin da ke shiga aljihun riga za ka ji farashin masara a Ɗandume kana zaune a Malumfashi, cinikin yini ɗaya yake so ya yi da kai.

Sai wani ya ce, ai sai in sayi mai ƙarfi. Nan ma akwai lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani. Ƙarfin oba-oba da wat ake auna shi. Ƙananan rabin wat ne, manyan na hannu wat 4 ko 5, watau ninki goma. Amma a doron ƙasa, in ka ninka ƙarfi sau goma, nisa ko sau biyu ba ya cika ninkawa. Batir ne kawai zai riƙa ƙarewa da wuri, jikinta ya yi zafi. Abin da ke ƙara nisa da gaske shi ne tsawo. Yaron mota da ya hau saman lodi da 'yar ƙaramar rabin wat yakan fi wanda ke tsaye tsakanin tireloli biyu da mai wat 5 jin magana tangaran. Wanda ya gane wannan ya huta da kashe kuɗi: a zaɓi wuri mai tudu, ko saman bene, ko bakin ƙofar sito maimakon ƙuryarsa, a riƙe ta a tsaye eriya tana duban sama, kada a kwantar da ita kamar ana yanka albasa.

Yanzu ga zancen lasin, shi ne gishirin maganar. Iska tana da hanyoyi kamar yadda kasuwa take da layuka, kowace sana'a da nata: ga na gidajen rediyo, ga na jiragen sama, ga na soja da 'yan sanda, ga na kamfanonin waya. Kowace ƙasa ita ke raba nata. A ƙasashen Turai, tun 1998 aka ware wani ɗan siririn layi a kan 446 megahaz aka ce kowa ya shiga ba lasin, da sharaɗin ƙarfin kada ya wuce rabin wat, eriya kuma a manne take ba a cire ta. Wannan shi ake rubutawa PMR446 a kwali. Da tashoshi 8 ne, daga baya aka ƙara suka zama 16. Amurka ita ma tana da nata tun 1996, ana rubuta shi FRS, amma a kan 462 da 467 yake, tashoshi 22, wasu har wat 2. Ostareliya nata daban ne, a kan 477. Kun ga ke nan, rubutun "ba lasin" da ke jikin kwali hukuncin ƙasar da aka yi kayan dominta ne. Wadda take halal a Amurka, in aka kunna ta a Ingila ta hau layin wasu. Takardar izinin rumfa ta kasuwar Bakori ba ta ba ka rumfa a Dawanau.

A ƙasarmu asalin hukuncin yana cikin dokar wayar iska ta 1961, wadda ta ce ba a kafa ko a yi aiki da na'urar aika magana ta iska sai da izini. Sa'an nan ga Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ta ba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ikon duba kowane irin kayan sadarwa ta amince da shi kafin a sayar ko a yi aiki da shi. Kamfanonin da ke sayar wa jama'a sadarwa suna karɓar layinsu daga NCC. Masu son layi don aikin kansu, kamar kamfanin gadi ko masana'anta ko babbar gona, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja ke ba su. Saboda haka ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, izini shi ne asali, rangwame kuwa sai hukumar ƙasarka ce ta yi maka shi, ba mai kanti ba. Kafin ƙungiya ko babban ɗan kasuwa ya zuba kuɗi, a rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin da layin da take aiki a kai, a kai wa ofishin NCC na shiyya da ke Kano ko ma'aikatar, a nemi amsa a rubuce. Ƙungiyar dillalan hatsi ta fi mutum ɗaya bakin yin wannan, takarda ɗaya ta wadatar da mutum ɗari. Shi ma mai kanti a tambaye shi shaidar amincewar NCC a kan irin da yake sayarwa. Yadda ya amsa tambayar ma ya isa ya nuna maka irin wanda kake ciniki da shi.

Ga inda ƙurar take. Oba-obar da ta fi cika kantunan kayan waya, daga Alaba ta Ikko har Kano, ba PMR446 ba ce, ba kuma FRS ba. Ita ce baƙar nan ta ƙasar Sin, Baofeng da 'yan'uwanta, musamman BF-888S da UV-5R. Araha gare su, ga ƙara, ga tocila a ka, kuma a gaskiya suna aiki. Amma eriyarsu ana kwance ta, ƙarfinsu ya wuce rabin wat, kuma ba a kulle suke a layi ɗaya ba. BF-888S tana yawo tsakanin 400 da 470 megahaz, kuma tashoshi 16 da take zuwa da su daga masana'anta na gwaji ne, ba wanda ya daidaita su da rabon layin Nijeriya. UV-5R ta fi ta faɗi, tana kama 136 zuwa 174, ta kuma kama daga 400 zuwa sama, ga maɓallan lamba a gaba, yaro yana iya danna duk layin da ya ga dama. A cikin wannan faɗin akwai layukan jami'an tsaro da na kamfanonin da suka biya kuɗin lasin, har da 406 da duniya ta keɓe don kiran ceton jiragen sama da na ruwa. Irin waɗannan ba su cikin sahun marasa lasin a Turai, a Amurka ma hukumar sadarwarsu ta fitar da gargaɗi a kansu a 2018. Kayan masu lasin ne ake sayar wa marasa lasin. Wanda ya samu izini aka ba shi layinsa, sai ya kai wa mai gyara ya saita masa su da kwamfuta a kan layin, a nan sun yi daidai. Wanda bai samu ba, ya kunna su yadda suka fito daga kwali, bai san a gonar wa yake shuka ba.

A wani wuri wannan laifin tara ne ko ƙwace kaya. A yankinmu ya fi haka nauyi. A lokacin katse layin nan na 2021 jami'an gwamnatin Katsina da kansu sun shaida wa 'yan jarida cewa ɓarayin daji sun koma magana da oba-oba. Tun daga nan, duk wanda aka tsayar a shingen bincike a hanyar Sheme ko ta Ƙanƙara ko ta Sabuwa aka ga baƙar rediyo mai doguwar eriya a ƙarƙashin kujera, to sai ya yi bayani, kuma ba a ga laifin mai tambaya ba. Kowa ya san nauyin kalmar infoma a garuruwanmu, in ta manne wa mutum wanke ta sai an sha wuya, ko da gaskiyarsa. Ƙaramar mai rabin wat, mai guntuwar eriya a manne, wadda ba ta iya barin layin da aka kulle ta a kai, ta fi sauƙin bayani nesa ba kusa ba. Shi ya sa muka ce a wannan kaya mai rauni ya fi mai ƙarfi daraja.

Kowace iri ka saya, kada ka ɓoye ta. Rasit mai sunan kanti da lambar jikin kowace ɗaya ya zauna a cikin mota ko a aljihun mai riƙe da ita. Sarkin kasuwa da shugaban ƙungiya su sani. A je a gaida DPO a gaya masa guda nawa ne, a ina ake aiki da su, su wa ke riƙewa. Haka mai unguwa ko dagaci in a gona ne, haka kuma jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, tun da su ne ke sintiri a ƙauyuka. A rubuta sunan sito da fenti a bayan kowace, a buɗe littafi: wa ya ɗauka da safe, wa ya maido da yamma. In ɗaya ta ɓace, ran nan a kai rahoto, a kuma canja tasha. Batacciyar oba-oba kunne ce da ka ba wanda ba ka sani ba.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi shafar dillali, watau sirri. Babu shi. Duk mai irin taka da ke cikin nisan da take kaiwa, in ya murɗa ya faɗo tasharku, zai ji ku ras, kuma ba za ku san yana ji ba. Mai kanti zai nuna maka wasu lambobi, 38 ko fiye, ya ce na sirri ne, in kun sa lamba ɗaya kai da yaronka ba mai jin ku. Ba haka abin yake ba. Aikin lambar shi ne ta toshe maka kunne daga hayaniyar wasu, ba ta toshe kunnen wasu daga maganarka. Wanda ya bar tasa a sifiri yana jin kowa da kowa. Har waɗanda ke murguɗa murya, mai irin na'urar yana warware ta.

Sana'armu kuwa tun kakanni a kan rufin baki take. Dillalin shanu yakan ja mai saye gefe su yi ƙus-ƙus, ba don rashin murya ba. To wanda ba zai tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗaga murya ya ce Alhaji ya sallama a kaza ba, kada ya faɗa a oba-oba, don duk ɗaya ne. Wannan ma asarar la'ada ce kawai. Mafi muni shi ne a ji yaro yana cewa, "Maigida, an gama lodi, kuɗin suna wurina, bayan la'asar za mu kamo hanya." A magana ɗaya ya faɗi akwai kuɗi, ya faɗi wanda ke riƙe da su, ya faɗi lokaci. Abu huɗu ba sa hawa iska: adadin kuɗi, sunan maigida, lokacin tashi, da hanyar da za a bi. A raɗa wa wurare suna, a ce rumfa, sito, sikeli, ƙofa. "Sito, sito, ga rumfa." "Rumfa, ina ji." "A turo 'yan dako shida da buhu hamsin babu kome." "An ji." Shi ke nan, an gama. Abin da ya wuce haka, a ce "zo ka same ni," a yi shi baki da baki.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In an san iyakarta, oba-oba tana da ranar da babu kamarta. Ranar kasuwa a Ɗandume ko Bakori, lokacin da jama'a suka cika har kira ba ya shiga, mai saye da yara a layin masara da layin waken suya da wurin awo yana juya su duka da danna ɗaya. A wurin auna auduga, tsakanin mai sikeli da magatakarda da mai ƙofa. A babbar gona, tsakanin mai tarakta da mai kula da 'yan ƙwadago da mai gadi. Masu rake da tumatir a Ɗanja, tsakanin fadama da bakin titi inda mota ke jira. Motoci uku ko huɗu da suka yi ayari, na gaba ya gaya wa na baya akwai rami ko taya ta yi faci, muddin ba su ba juna rata mai yawa ba. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 ma irin wurin aikinta ne, ko da yake manyan wurare irin wannan da layinsu na lasin suke aiki. Na nishaɗi kuwa, masu shirya biki da 'yan agaji a taro da mafarauta da masu kilisa, ƙaramar ta ishe su har ta yi yawa. Mafarauta dai su fi kowa kiyayewa, don bindiga da rediyo a daji ba ƙaramin bayani suke bukata ba. Yara kuma a saya musu ta wasa, kada a ba su ta sito.

Wajen zaɓe, a cikin masu rabin wat ɗin ma akwai na aiki akwai na yawon shaƙatawa. Irin su Motorola XT420 da Kenwood TK-3501 don aiki aka yi su, jikinsu yana jure faɗuwa, muryarsu tana fita cikin hayaniya. Irin Talkabout na Motorola da ƙananan Midland sun fi sauƙin kuɗi, sun dace da gona da biki. Ga ɗan kasuwar hatsi ƙarar murya ta fi nisa muhimmanci, don wadda ba a jin ta kusa da injin casa ko tirela mai ruri ba ta da amfani ko Zariya take kaiwa. A duba kuma wasu haruffa, IP da lamba biyu. Lambar farko ta ƙura ce, 5 tana hana yawanci, 6 tana hanawa ɗungum. Ta biyu ta ruwa ce, 4 yayyafi, 7 ko ta faɗa kwata a ciro ta da rai. In ka ga X a gurbin lambar farko, ba a gwada ta da ƙura ba. Mu da ke aiki cikin ƙaiƙayi da hazon hunturu, IP54 ko IP55 ne mafi ƙanƙanta.

Batir shi ne ranta. Awoyin da ake rubutawa a kwali, lissafinsu shi ne a cikin kashi 100 na yini ka yi magana kashi 5, ka saurara kashi 5, ta yi shiru kashi 90. Ranar kasuwa ba haka take ba, sai ka rage. Inda wuta ba ta zama, a nemi wadda ake caji da igiyar waya, don ta sha daga faranti mai hasken rana ko daga mota, ko kuwa wadda ke karɓar batir ɗin tocila ƙanana in nata ya mutu. A tambayi mai kanti ko ana samun batir ɗinta daban, domin shi ke fara mutuwa, kuma oba-oba da yawa suna kwance a durowa lafiyarsu lau don an rasa batir. Kada a bar ta a gaban gilashin mota cikin zafin bazara, zafi yana kashe batir, yana kuma kumbura shi.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da yaro, a kunna biyu, ka tsaya a kanti shi ya yi ta tafiya cikin kasuwa yana ƙirga taku har maganar ta fara yankewa. Abin da ka gani shi ka saya, ba na kwali ba. In ƙari za ka yi a kan waɗanda kake da su, ka tafi da ɗaya a gwada. Duk PMR446 suna jin juna ko kamfaninsu daban ne, in an daidaita tasha da lamba, tsofaffi masu tasha 8 kuma suna haɗuwa da sababbi a tashoshi takwas na farko. Amma ta Turai ba ta jin ta Amurka ko da duka an sa su a tasha ta 1, haka wadda ake kira dijital ba ta jin ta gargajiya sai in tana da ɓangaren gargajiyar. Jabu kuma ya yi yawa a manyan sunaye. Waɗanda aka ɗana wa nakiya suka fashe a Lebanon a watan Satumba na 2024 suna ɗauke da sunan Icom na Japan, alhali kamfanin ya ce ya daina yin wannan samfurin tun 2014. Babban suna da farashin banza ba sa haɗuwa a kaya ɗaya, araha ba ta ado.

Ba mu sa farashi a wannan shafi ba da gangan, don kayan waje ne, dala suke bi, kuma bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 an ga lokacin da farashin da aka faɗa bai kai wata ba ya canja. Ku yi lissafin da kuka saba: kuɗin guda nawa ake bukata, a haɗa da batir na ajiya ɗaya ga kowace biyu, da abin kunne ga wanda zai tsaya cikin jama'a don kada na kusa su ji amsa, sa'an nan a mayar da jimlar buhun masara a farashin ranar. A ɗaya gefen a sa kuɗin kati da na babur ɗin aike da ake kashewa a kaka guda, da lodin da ke kwana don ba a samu direba a waya ba. Mai rumfa ɗaya da yaro ɗaya, wayarsa ta ishe shi. Mai sito da yara biyar zuwa sama da mota tana jira, ya fara da huɗu: ɗaya rumfa, ɗaya sito, ɗaya wurin lodi, ta huɗun tana kan caji.